Maɓallin Kusurwa

Shekara biyu ke nan Malam Sahabi yana ɓoye abu guda a shagon buga takardu da ke bakin tashar Jega: idanunsa sun fara barinsa. Yanar ido ce ta hau su sannu a hankali, har fuskar kwamfuta ta zama farin haske da ɗigo-ɗigon baƙi kawai a wurinsa. Babu wanda ya sani, har mai shagon, Atiku, ɗan ƙanwarsa. Duk ranar da Atiku ya gane, kujerar aikinsa ta tafi, kuma Malam Sahabi bai san abin da mutum ke yi da wuninsa ba in ba shi da wurin zuwa da safe.

Yatsunsa ne suka rufa masa asiri. Shekara ashirin da biyu ya yi yana dukan tafireta a wani ofis a Maiyama, tun ana ƙarƙashin Sakkwato har aka yanke Kebbi, kafin ya yi ritaya Atiku ya zaunar da shi gaban babbar kwamfutar tebur. In mutum ya miƙo masa rubutun hannu, sai ya ture ya ce, "Karanto min da bakinka, wanga rubutu naka sai likita." A yi dariya, mutum ya karanto, shi kuma ya buga ba tare da ya tsallake waƙafi ba. Haruffa masu ƙugiya ma ba sa ba shi wahala. Atiku ya saita masa: ƙaramin yatsan hagu ya danne maɓallin Kwantirol da ke can kusurwar ƙasa, a taɓa k ta fito ƙ, a taɓa d ta fito ɗ, a taɓa b ta fito ɓ. Yatsan ya san kusurwar nan kamar yadda ƙafa ta san ƙofar ɗaki.

Sai Atiku ya tashi rana ɗaya ya sayar da babbar kwamfutar, wai tana shan man janareta, ya dawo daga Sakkwato da laftof 'yar gwanjo a jaka. Wanda ya ƙera ta kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ya shiga kansa, ya ɗauke Kwantirol daga kusurwa ya tura shi ciki, ya dasa wani baƙon maɓalli mai suna Ef-en a gurbinsa.

"Mi na aikin wanga Ef-en?" in ji Malam Sahabi.

"Da shi aka ƙara haske, Kawu, da shi aka rage murya. Ni kam na fi son shi nan kusurwa, ko cikin duhu ina samu nai."

"Sau nawa kaka ƙara haske a wuni? Sau biyu? Ni sau ɗari nika neman Kwantirol a shafi guda. Mai shiga sau ɗari shi aka ba bakin ƙofa ko mai shiga sau biyu?"

Atiku ya yi dariya ya ce sabo ne kawai. Malam Sahabi ya ce to a ɓalle maɓallan biyu a sauya musu wuri. Atiku ya ce wannan sauya hula ne, kan yana nan yadda yake. Malam Sahabi ya ce to a dawo masa da tsohon kibod ɗinsa. Atiku ya ce wanda ya saya ya tafi da shi Gehuru tare da kwamfutar, kuma ko ya dawo bakin wayarsa ba ya shiga wannan.

"Ku dinga dubawa kawai, Kawu. Ga sunan nan rubuce bisa maɓallin."

Ku dinga dubawa! Maganar nan ta tsaya wa Malam Sahabi a wuya. Kwana uku ya yi yana horon yatsansa a ɓoye, yana cewa a ransa: na biyu, ba na farko ba. In yana bugu a hankali yatsan na jin magana. Da sauri ya zo, sai ya zame ya koma tsohon gidansa. Haushin abin, ba shi da hanyar da zai san ya zame.

Ranar kasuwa da hantsi Lauwali ya shigo, magatakardan manoman albasa na wajen Sabiyal, gumi na bin wuyansa. Takardar kiran taro yake so, kwafi arba'in, game da rumbunan ajiya da ruwan sama ya lalata. Motar Aliero ta kusa cika, direba ya ce ba ya jiran kowa.

"Malam, don Allah da sauri. Kai munka sani da sauri."

Malam Sahabi ya gyara zama. Lauwali na karantowa, yana bugawa, yana riƙe da yatsan nan da dukkan hankalinsa. Layi biyu, layi uku. Sai Lauwali ya ƙara wuta, yaran mota suna ta kiran Aliero a waje, daɗin aiki ya ɗebi Malam Sahabi, hannuwan suka tafi abinsu kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Ya buga kalmar ƙarshe ya janye kujera da 'yar taƙama.

"Atiku, fidda mashi."

Atiku ya zo ya leƙa, ya tsaya. A wannan laftof ɗin, in aka danne Ef-en aka taɓa k, lamba biyu ke fitowa. Takardar ta cika da su. 2ungiya. Ba2i masu zuwa. 2arfe goma na safe. Ɗakunan ajiya sun zama dakunan ajiya, albasar da ta ruɓe ta zama ta rube. Lauwali ya leƙo ta kafaɗarsa ya kwashe da dariya.

"Malam, mi na wanga? Taro munka kira ko lissafi?"

"Mi ya faru?" in ji Malam Sahabi, a fusace.

"Kawu, ku duba layi na huɗu."

Malam Sahabi ya matso da fuskarsa, ya haɗe gira kamar mai nazari. Farin haske, ɗigo-ɗigon baƙi. Amma kansa garau yake, duk abin da aka karanto masa yana nan zaune. Ya ɗora yatsa a kan gilashin ya fara karantawa da babbar murya, irin ta tsohon ma'aikaci: "Ƙungiya tana sanar da dukkan mambobi da baƙi masu zuwa cewa za a zauna da ƙarfe goma na safe." Ya fitar da kowace ƙugiya tsaf. Ya ɗago ya ce, "To, ina kuskuren?"

Dariyar Lauwali ta tsaya. Yatsan Malam Sahabi yana can ƙasan shafin, inda babu rubutu ko ɗaya.

Atiku ya dubi yatsan, ya dubi idanun kawunsa, ya daɗe yana dubawa. Malam Sahabi bai ga fuskarsa sosai ba, amma ya san Atiku ya gane. Ya so Atiku ya yi faɗa, ya ce an ɓata masa aiki, ya ce tsoho ya ƙi koyon maɓalli ɗaya tal. Da ya samu abin da zai mayar.

"Babu kuskure, Kawu," in ji Atiku, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na'urar ta. Ku ɗan ba ni wuri in duba ta."

Malam Sahabi ya tashi. Ya lalubi benci na masu jira ya zauna kusa da Lauwali, wanda ya matsa masa da sauri har ya kusa faɗuwa. Atiku ya ja kujerar ya fara gyara, a hankali, da yatsa biyu, yana neman kowane harafi da ido.