Soron Inna Larai

Kailani ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana duban bangon da ya kai masa ƙirji. Sai ya yi tsaki, ya sa kafaɗa ya ture shi. Tubala suka zube, ƙura ta tashi ta nufi bukkar karan da uwarsa, Inna Larai, take kwance. Tarinta ya biyo baya.

"Ya karkace," in ji shi, ko da yake ba wanda ya tambaye shi.

Matarsa Hajo tana bakin murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ba yau ta fara ganin bango yana faɗuwa a gidan nan ba.

Tun da Nasara suka yanka filaye a Tudun Wada, mutane suka yi ta kafa abin da ya samu. Masu aikin hanyar jirgi, mahauta, dillalai, kowa ya tayar da ɗan ɗakinsa ya shige. Kailani ne kaɗai ya ce shi ba zai yi wannan ƙazantar ba. Magini ne, a cikin birni ya koyi aiki, kuma a gaskiya hannunsa yana da kyau. Sai dai bakinsa ya fi hannun sauri. Ranar da ya ɗauko tsohuwa daga ƙauye, a gaban jama'a ya rantse zai gina mata soron da fatake za su riƙa tsayawa kallo. Kafin nan, wai ta ɗan lallaɓa a bukka.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, tsohuwa tana lallaɓawa. Yau ƙasa ba ta tsima ba, gobe ciyawar kwaɓi ba ta ruɓe ba, jibi tubalin bai ji rana sosai ba. Azara kuwa, sai ta giginya namiji wadda gara ba ta ci. Ya tara su a gindin katanga ya lulluɓe da zana, yana leƙa su safe da yamma kamar mai jinya. Uwar da ke tari kuwa, gaisuwa ce rabonta.

* * *

Da la'asar, a inuwar ɗurumin ƙofar gida, ya zana soron a ƙasa da tsinke, maƙwabta suna kallo.

"Nan bakan da zai ɗauki rufi zai tashi, nan indararo. In na shafe shi da makuba mai hana ruwa cin bango, jikokinku za su tarar da shi."

Ɗantsoho mahauci ya tofar da goro. "To Gwani, wannan na ƙasan ne Inna za ta kwana a ciki? Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Ka kira gayya mana, mu taru mu tayar mata da ɗaki."

"Gayya? Da waɗannan hannuwan naku na fiɗa? Ku taɓa mini tubali?"

"Af, ashe tubalin ma malamai ne, sai da alwala."

Aka yi dariya. Kailani ya share zanen da ƙafa, ya ce jahilci ne ke damunsu. Kashegari ya ɗauki sanda da gora ya nufi wajen Soba. Wai azara ɗaya ta rage, kuma an ba shi labarin wata giginya da babu irinta.

Bayan tafiyarsa ruwan farko ya sauka. Hajo ta tarar da surukarta zaune a kan turmi a tsakiyar bukka, ta kifa ƙwarya a ka, tabarma tana yawo a ruwa.

"Inna, tashi mu je ɗakina."

"Ɗakin ɗana? Ban yi rashin kunyar nan da ƙuruciya ba, balle yanzu." Ta yi tari har ta dafe ƙirji. "Kada ki gaya masa, 'yar nan. Yana ƙoƙari."

Hajo ta dubi tulin tubalin da aka rufe da zana sabuwa fil, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ta yafa zane, ta leƙa ta kan danga ta kira matar Ɗantsoho.

"Ishatu, ki ce wa maigidanki gobe akwai tuwo da fura a gidan nan. Duk mai hannu biyu ya zo."

"Da izinin wa?"

"Da izinin ruwan sama."

Suka zo kuwa. Mahauta, masu dakon auduga, har da wani Banufe mai gyaran kwalabe da bai taɓa riƙe tubali ba. Aka yaye zana, aka kwashi tubalin Gwani ana jerawa yadda hannu ya kai. Bango ya tashi da ɗan tumbi a gefe guda, ƙofa ta karkata kamar mai jin barci. Kafin a kwana biyu an ɗora jinka, mata sun yi daɓe. Azara dai ba a taɓa ba, rufin ciyawa ba ya bukatarta.

* * *

Kailani ya dawo hannu wofi, giginyar ma ashe tana da ɗan lanƙwasa. Ya tsaya a tsakar gida baki buɗe.

"Wane ɗan iska ne ya kafa mini akurki a gida?"

"Ni ce, Malam," in ji Hajo.

"Kin san abin da maginan birni za su ce? Kin kashe mini suna!"

"Maginan birni ba su taɓa jin tarin Inna ba."

Ya nufi bangon, ya juya kafaɗa yadda ya saba. Sai murya ta fito daga ciki, siririya.

"Maigidan nan, ka dawo? Shigo ka gani. Jiya an yi ruwa, ban sani ba sai da safe."

Kafaɗar ta tsaya a jikin bango. Bai ture ba, bai kuma shiga ba. Ya ce zai shigo in ya huta.

Tsohuwa ta sami barcinta a bushe, amma sanyin bukka ya riga ya zauna mata a ƙirji. Gero bai fid da kai ba ta cika, a kan busasshiyar tabarma, Hajo na riƙe da hannunta.

A maƙabarta aka gama haƙa, aka sa ta, sai aka nemi itacen da za a jera a rufe ramin. Wanda aka kawo ɗanye ne, bai ma isa ba. Jama'a suka tsaya cirko-cirko, sama tana haɗa gira. Kailani ya juya da gudu. Can sai ga shi da azararsa a kafaɗa da gatari a hannu. Ya sara, ya sara, bai auna ba, bai rufe ido ɗaya ba. Wani guntun ya fi wani tsawo, haka ya jera su. Ya durƙusa ya cika tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, da hannunsa.

Kafin yayyafi ya sauko an gama. Rufin farko ke nan da Kailani ya yi wa uwarsa, kuma giginya namiji ce, gara ba za ta ci ba.