Kafin a Huda Ƙirji

Ƙaramar likita ta riga ta sa safar hannu, nas ta goge gefen ƙirjin jariri da magani ta riƙe shi, sai likitar ta sake ɗaga kai ta dubi hoton ƙirjinsa da ke jikin allon haske.

Ɓangaren hagu baƙi ƙirin, zuciya ta karkata dama. Babban likita ya kalle shi a tsaitsaye kafin ya shiga tiyata, ya ce iska ce ta taru a bayan huhu, a huda a sa roba ta fita. Amma da ta matso kusa da hoton, sai ta ga wasu siraran layuka a cikin baƙin, kamar saƙar gizo. Iska zalla ba ta da layi.

"Likita, hannuna ya gaji," in ji nas. "Ko sai yaron ya yi gemu?"

"Sake shi, Anti. Ba zan huda ba."

"Oga fa ya ce..."

"Na ji shi. In jakar iska ce a cikin huhun, wadda aka haife shi da ita, ina soka roba huhun zan fasa."

Uban jaririn yana bakin ƙofa, ya cukuikuye hularsa a hannu. "Ranki ya daɗe, numfashinsa fa sama-sama yake."

"Ina gani, Malam. Anti, ƙara masa iskar numfashi, ɗakin babban hoto za mu kai shi."

Da kanta ta tura gadon. A ɗakin hoto layi har baranda. Ta tsaya gaban mai injin, ta ƙi zama, ta ƙi tafiya, har ya ja tsaki ya ce a shigo da shi.

Hoton ya fito: jakunkuna manya da ƙanana cunkushe a ƙasan huhun hagu, kamar kumfar sabulu. Ta auna babbar. Ta bi jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wata baƙuwa da ke ciyar da wurin, domin in akwai, ciwon wani iri ne daban, aikinsa ma daban. Babu.

Babban likita ya fito daga tiyata ya daɗe yana kallon hoton. "Gobe za mu cire sashen," ya ce. Bai ƙara komai ba.

A baranda ta tarar da uban yana waya. "Yaya, babban ne zai yi aikin, alhamdu lillahi. Ita ƙaramar tsoro ta ji, har ta sa safa ta cire."

Ta raɓa shi ta wuce, ta tafi nemo jinin da za a ƙara wa ɗansa.