Ta Sama Kusa Ne

Hajjo ta baro Zinder a bayan babbar mota, rungume da tukunyar wankan jego, don 'yarta ta haihu a Bilma. Ta sha rana, ta sha rairayi, ƙafafu suka kumbura. Tana sauka maƙwabta suka ce an mai da mijin aiki Iferwan, ya kwashe mai jego sun tafi.

Ta kira shi.

"Inna, kada ki damu," in ji surukin. "Na duba, ta sama kusa ne."

Suruki ba a yi masa faɗa. Ta ce madalla, ta kashe waya, ta juya kan direba.

"Kai Yakuba, dube ni da kyau! Da ka ɗauko ni, ka ga fiffike a jikina?"