Gefen da Janet Ta Baƙanta

Sau biyu lissafi yana kayar da Janet, kuma makarantar koyon aikin jinya ba ta ɗaukar wanda bai ci shi ba. Shekararta arba'in da ɗaya, sha biyar daga ciki tana goge ɗakin marasa lafiya. Ta riga ta faɗa wa kanta cewa wannan zaman jarrabawar shi ne na ƙarshe.

Saura kwana huɗu ta je Makera wajen yayar mahaifiyarta, Mama Martha, tsohuwar malamar lissafi. Ta nuna mata tambayar da ke cin ta: x − y > 1. A ja layi a takarda mai gida-gida, a baƙanta gefen da maganar take gaskiya.

"Malamin lesin ya ce in alamar ta ce 'ya fi', sama ake baƙantawa. Ko yaushe."

"Ko yaushe? Shi ya halicci saman?" Mama ta ture littafin. "Tashi, 'yata. Kwance min igiyar shanya."

Barandar shimfiɗe take da tayil. Mama ta sa dutse a kan guda, ta ce nan ne sifili. Suka ja igiyar a karkace inda layin ya faɗa. Sai ta miƙa mata gyaɗa.

"Jefa. Inda ta faɗi, ki tambaye ta."

Ta farko ta faɗi ƙasan igiya: tayil huɗu dama, ɗaya sama. Huɗu a cire ɗaya, uku. Ya fi ɗaya. Gaskiya. Ta biyu ta faɗi saman igiya, ɗaya dama, uku sama. Ƙarya.

Janet ta sake jefawa. Ta sake. Kaji suka taru suna cinye mata shaidu, ba ta ma kula ba. Duk gyaɗar da ke ƙasa gaskiya take faɗa, babu ko ɗaya da ta saɓa.

"Mama, in na jefa ta bayan katanga ta gefen ƙasan nan fa?"

"Gaskiya."

"Har titi?"

"Har Kakau. Har Abuja, har inda ba a taɓa shimfiɗa tayil ba. Ki tambayi guda, ta amsa wa dukansu."

Janet ta tsaya tana kallon igiyar da jiya take ɗauke da zannuwa. Yau ta raba duniya biyu, kuma kowane rabi ba shi da ƙarshe. Ta ce, "Kai, Allah," a hankali, kamar a coci.

Ranar jarrabawa irin tambayar ta fito. Ta ji muryar malamin lesin tana cewa sama, hannunta ma har ya nufi can. Sai ta tsaya, ta ɗiga ɗigo ɗaya da fensir, ta tambaye shi. Ta baƙanta ƙasa.

Ran da ta fara sa farin kayan ɗalibai, mudun gyaɗa ta kai Makera.