Gicciyen Antoni

Labaran, masassaƙin Tafashiya, turmi ya sani da akushi, sai allon yara. Bai taɓa sassaƙa abu mai ido da baki ba, don tun yana yaro ya ji cewa mai yin haka za a ce masa ya hura wa abin rai ranar ƙiyama.

Sai ga Antoni, helman leburorin da Turawa suka sa gyaran hanyar Kankiya, Inyamuri ne Kirista. Shekara uku suna shan inuwa ɗaya da Labaran, suna musu kamar 'yan maza zar. Yanzu tari ya kwantar da shi, ya rame sai idanu. Gara kuma ta cinye ɗan gicciyen da ya zo da shi daga gida, mai siffar mutum a rataye.

"Yi mini wani," in ji Antoni, "kafin in tafi."

Hankalin Labaran ya tashi. Ga tsoron Allah, ga aboki a bakin kabari. Kuma shi a saninsa ba a ma gicciye Annabi Isa ba. Ya je ya tambayi wani malamin asibiti, shi ma Kirista.

"Namu gicciyen babu kowa a kai," in ji malamin. "Ai ya tashi daga matattu."

Labaran ya ji sanyi. Ya samo icen ƙirya, ya haɗa sanda biyu, ya goge su sumul, ya kai.

Antoni ya shafa itacen da yatsu, sama da ƙasa.

"Ina yake?"

"An ce mani ya tashi. To mi za ya tsaya yi bisa icce?"

"Na san ya tashi, Labaran." Tari ya sarƙe shi. "Ni ban kai can ba tukuna. Mai jin zafin nake so ya zauna da ni."

Labaran ya koma gida. Kwana biyu yana ɗaukar gizago yana ajiyewa. A na uku ya yi istigfari, ya fara sassaƙa siffar. Ya gama hannu ɗaya ke nan, da yatsunsa biyar, sai leburori suka wuce ɗauke da gawar Antoni a tabarma.

Ya zauna riƙe da hannun nan. Ya kasa jefa shi a wuta, ya kuma kasa shiga da shi gida.