Wanda Bai Ce Amin Ba

"Ba za ni ba, Inna."

Zayyanu bai ɗaga kai daga tayar babur ɗin da yake wa faci ba. Mahaifiyarsa Fatu na tsaye a kansa, riƙe da kwanon kunu da bakin zanenta saboda zafi.

"Tun jiya nike jin tarin Malam Jibrilla ta katanga. Matarshi Habi ko wuta ba ta hura ba."

"Ɗansu shi aiko musu daga daji."

"Kai! Ni na haifi Isah, ba kai ba. Karɓi nan."

Ya karɓa, don ba a mayar wa Fatu da hannu.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Jibrilla, tsohon makiyayin da ya shigo Sabon Birni bayan an kore masa shanu a dajin Turba. Tufkar igiya ya koma yi a gindin dogon yaro, yana sayar wa masu awaki. Kowa ya san ɗansa Yari ya bi 'yan bindiga. An yi ta kallon tsohon a kaikaice, amma ana amsa masa sallama, har ranar sadakar ukun Isah.

Isah wan Zayyanu ne. A hanyar Bafarawa aka tare motarsu ranar kasuwa, aka harbe su. Ran sadakar, Jibrilla ya zo ya zauna a gefen tabarma. Bayan Liman ya shafa fatiha, Ɗanmusa shugaban 'yan sa-kai ya ɗaga hannu ya ƙara tasa: Allah ya ƙone 'yan bindigar, su da matansu da 'ya'yansu da duk mai jin yarensu. Ƙofar gida ta ɗauka da amin. Zayyanu ne ya ga hannuwan Jibrilla a kan gwiwa, bakinsa a rufe. Shi ya nuna wa Ɗanmusa. Tun daga ranar babu wanda ya sake sayen igiya. In tsohon ya yi sallama a majalisa, sai kowa ya tuna da wayarsa.

Ɗakin Jibrilla na warin man zafi da fitsari. Habi, matar Jibrilla, ta karɓi kwanon da hannu biyu ta fice. Tsohon na kwance a tabarma, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi.

"Zayyanu ne? Zauna, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba ne. Ɗanka na can shina kashe mutane."

"Shina can," in ji tsohon. Tari ya sarƙe shi, ya jira ya wuce. "Shekaranjiya ya aiko babur a kai ni asibiti. Na ce a koma. Ba ni hawa abin da anka saya da jinin Musulmi."

"Daɗin baki. A ƙofar gidanmu anka yi addu'a kan waɗanda sunka kashe Isah, ka ƙi cewa amin."

"Na ce. Da anka ce Allah shi yi maganinsu, na ce amin, kuma Yari nike gani a idona sa'ad da nike faɗi. Ka san nauyin wanga?" Ya juyo da kai da ƙyar. "Da anka kai ga mata da ɗiya, na sauke hannu. Manzon Allah ya hana a taɓa mace da jinjiri ko a fagen yaƙi. Mai jin yaren, ai ga Habi nan waje. In ce amin a ƙone ta?"

"Isah ma bai yi wa kowa komi ba."

"Shi ya sa wanda ya kashe shi kamar duniya duka ya kashe. Addinin da ya faɗi haka, shi ne ya ce ba a ɗora wa wani laifin wani. Ba a karɓar rabi a bar rabi."

"Riƙe wa'azinka."

Zayyanu ya juya. Muryar ta biyo shi har bakin ƙofa.

"In mutuwa ta zo, kar ku bari Yari shi taɓa gawata. Maƙwabci ka wanke ni."

"Ba dai ni ba."

Da hantsin Talata kukan Habi ya ƙetaro katanga. Kuka ne na mutum ɗaya, babu mai tayawa. Fatu ta yafa mayafi ta shiga. Ban da ita, layin bai motsa ba. Mai shayi ya ƙara ƙarar rediyo.

Har azahar gawar na ɗaki, kuma bazara ce, kwanon rufi na ƙara don zafi.

Zayyanu ya tarar da taro a ƙofar masallacin unguwa. Ɗanmusa na zaune a kan makara, bindigarsa ƙirar gida a cinya. Liman, tsoho mai rawar murya, na tsaye a gabansa.

"Jana'iza wajibi ce a kan gari," Liman ke cewa. "In ba wanda ya yi, dukanmu mun ɗauki zunubi."

"Allah gafarta Malam, mun ɗauka. A raba mana." Wasu suka yi dariya. "Infoma ne. 'Yan uwanshi su zo su ɗauki kayansu, muna jiransu. Duk wanda ya kama wagga makara, mun san layin da shike." Ya hango Zayyanu. "Yauwa, ga mai jini nan. Kai kag gane shi da idonka ran sadaka. Don Isah muke wanga abu."

Sunan Isah ya daki Zayyanu. Isah ya yini ya kwana a kan titi kafin a sami masu ƙarfin halin ɗauko shi. Zayyanu ne ya kama ƙafafun. Har yau in ya wuce mahauta da rana sai ya toshe hanci.

"Tashi, Ɗanmusa."

"Mi kac ce?"

"Tashi daga makarar. Katangarmu ɗaya da shi. Ni ka jin warin, ba kai ba."

"Kai ma ka koma nasu?"

"Ban yafe mai ba, kuma ban koma na kowa ba. Amma kar ka sake sa sunan Isah a kan gawar da anka bari a rana."

Ɗanmusa ya dube shi ya daɗe. Ba a ɗaga wa ƙanin mamaci bindiga a gaban mutane. Ya miƙe a hankali, ya tofar da yawu kusa da ƙafar Zayyanu.

"Za mu tuna."

Babu wanda ya kama wa Zayyanu. Ya ɗora makarar a ka, ƙarfen na ƙona masa tafi, ya ratsa layin. Waɗanda suka saba kawo masa faci suka kau da ido.

Shi ya yi wankan, Liman na zuba ruwa da buta yana gaya masa inda zai fara. Haƙoran Zayyanu a cije har aka gama. Jibrilla ba shi da nauyi ko kaɗan. Fatu ce ta miƙo likkafani ta bayan labule, wanda ta ajiye wa kanta a ƙasan akwati.

Suka fito da shi ƙofar gida suka shimfiɗe, fuska ga gabas. Amalanken da za a tura makarar a kai na jingine da katanga. Can bakin layi mutane sun yi cirko-cirko, ba su matso ba, ba su kuma tafi ba.

Liman ya gyara rawani ya shiga gaba. Bai waiwaya ba, bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa.

"A daidaita sahu."

Zayyanu ya dubi damansa, ya dubi hagunsa. Ƙasa ce kawai da inuwar dogon yaro. Ya ɗan ja ƙafarsa baya, ya daidaita ta da ɗayar.