Jirgin da Shadliya Ta Ɗinka

Shadliya tana kiciniyar zaro fiffiken ƙaramin jirgin sama mai rimot daga bayan motar marigayi mijinta, sai ga Si Lazhar, shugaban kulob ɗin masu tayar da ƙananan jirage, ya taho da sauri yana cewa ta bari kada ta karya. Ba ta bari ba. Ta zaro shi a hankali, ta ɗora a gangar jirgin, ta ɗaure noti biyun, tana jin idanun maza goma sha ɗaya a ƙeyarta.

Safiyar Lahadi ce a fakon gishirin da ke bayan garin Mahdiya, inda mijinta Munji ya shafe shekara ashirin da shida yana zuwa. Wata takwas ke nan da rasuwarsa. Tun ranar sadakar arba'in 'yan kulob suka roƙe ta, in akwai jirgin da ya bari, ta kawo su rataye a ɗakin taronsu kusa da hotonsa. Da ta buga waya ta ce tana tafe da jirgi, har ƙusa suka kafa a silin. Ita kuwa ba don a rataye ta kawo shi ba. Tashi zai yi, kuma da hannunta.

Akwati huɗu Munji ya bari a saman kabad, ba a buɗe ko ɗaya ba. Da ta fita takaba ta sauko da su ta jera. Akwai mai fiffike a sama, irin mai haƙurin nan da ko an saki rimot zai miƙe da kansa. Ta ture shi gefe. Ta zaɓi tsohon samfuri mai fiffike a ƙasa, wanda aka zana don alkafura tun tana yarinya, jirgin da ba ya yafe kuskure. Babu komai a akwatin sai falle-fallen katakon balsa mara nauyi da takardar zane da ta yi rawaya. Wata uku ta yi a kan teburin da take yankan kayan amare, tana kafe haƙarƙarin fiffike da fil, tana gogewa, tana hure ƙura. Sannan ta lulluɓe shi da ragowar farin siliki daga masaƙar yayanta, ta yi ta shafa masa fenti har ya ɗame kamar fatar ganga.

Dokar kulob ita ce sabon jirgi ba ya tashi sai shugaba ya duba. Si Lazhar tsohon malamin lissafi ne, har yau kallon kowa yake yi kamar ɗalibin da ya makara. Ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu, jirgi ya tsaya cak, hanci ya ɗan sunkuya yadda ake so. Ya leƙa wutsiya, inda aka haɗa falle mai motsi da ɗinkin zare maimakon roba. Sai idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ya ce wa sauran su zo su ga hannun Munji, a duk gaɓar tekun nan babu wanda ya iya wannan ɗinki sai shi.

"Aikinsa na ƙarshe ke nan, Lalla Shadliya. Wannan ba zai tashi ba, rataye shi za mu yi."

Ta ce masa Munji bai taɓa ganin cikin akwatin ba, ita ta haɗa. Aka yi 'yar dariya irin wadda ake yi wa mai alhini. Si Sahbi mai shagon taya, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ajiye burodinsa mai kifi da yajin harisa.

"Lalla, wannan fa ba keken ɗinki ba ne, ba a taka shi da ƙafa."

"Na sani, Si Sahbi. Ba kuma a ajiye shi a kan bishiyar zaitun, amma naka sau uku yana kwana a can."

Dariya ta koma kan Sahbi, amma Si Lazhar ya sha mur. Ran Shadliya ya ɓaci ƙwarai, ba da Munji ba. Munji matuƙi ne na gaske, sai dai in ya riƙe gam, gam ɗin ya fi zama a yatsunsa. Tun shekarar aurensu ta karɓe aikin. Duk Lahadi yakan dawo ya ce, "Yau ma sun yabe ki," su yi dariya. Duk Laraba kuma su biyu suke zuwa fakon nan, ya miƙa mata rimot. A lokacin abin bai dame ta ba, don akwai mutum ɗaya da ya sani. Yanzu mutumin ya tafi, kuma ba ta shirya zama a gefe tana kallo a rataye aikinta da sunan wani ba, ko da mijinta ne.

Ta nuna jirgin Si Lazhar da ke kan tebur.

"Bara ka karya wutsiyarsa ka ba Munji. Kifa shi ka duba ƙasa, gefen hagu. Ɗinki uku na ƙarshe jan zare ne, don farin ya ƙare mini."

Bai so ba, amma idanu suna kansa. Ya kifa jirgin. Jan zaren yana nan. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyara murya ya ce ko da haka ne, ita ba 'yar kulob ba ce, layin tashi kuwa na 'yan kulob ne.

Ta tambayi Sahbi inda layin nasu ya ƙare, ya nuna mata tuta. Ta saɓi jirginta ta wuce tutar da taku ashirin, ta ajiye a kan fakon da ba na kowa ba. Babu wanda ya zo ya riƙe mata, sai ta tattare siket ta matse wutsiya tsakanin idon sawunta. Ta buga farfela da guntun sanda sau huɗu, injin ya kama.

Jirgin ya sheƙa, ya ɗaga. Tsoro ya kama ta sosai, amma yatsunta sun san aikinsu. Ta hau da shi, ta yi alkafura guda mai faɗi. Ta mirgina shi sau biyu. Sannan ta kifa shi, ta zo da shi ƙasa-ƙasa ta gabansu, tayoyi suna kallon sama, rana tana ratsa silikin har ana ƙirga haƙarƙarinsa. A nan ne Munji yakan ce "Haka nan!" Babu wanda ya ce, sai hawaye suka rufe mata ido.

Hawayen ne suka ɓata mata sauka. Jirgin ya daki ƙasa, ya yi tsalle, fiffiken dama ya goge gishiri ya yage. Ta je ta durƙusa, ta shafa yagar, ta ƙirga haƙarƙari biyu da suka karye. Aikin kwana biyu ne, ko a jikinta.

Tana kwance noti sai ta ga inuwa a kanta. Si Lazhar ne, riƙe da wani karyayyen fiffike da ya ɗauko daga but ɗin motarsa. Ya ce wata takwas yana yawo da shi, ya rasa wanda zai ba. Bai kalle ta ba yana maganar.

Shadliya ta karɓa, ta juya shi, ta duba karayar, ta miƙa masa abinsa.

"Ranar Lahadi zan zo da allura da zare, Si Lazhar. Ka zo da tabaronka. Kai za ka ɗinka, ni zan duba."